WURI: YADDA A KE GANE IRINSA TA WAJEN DUBAN ƘWANSONSA

Babu Bahaushen da bai san wuri ba. Har yau in tsiya ta kama mutum mu kan ce ba shi da ko wuri, in kuwa za a ambaci dukiya mai yawa sai a ce wuri na gugar wuri. Kalmar kuɗi ma asalinta jam'in wuri ce, ko da ya ke an daɗe da daina ciniki da shi. Amma fa sanin suna dabam, sanin abu dabam. In ka ɗauki wuri guda ka shiga aji, ka ce wa yara, "Wannan mene ne, daga ina kuma ya fito?" wani zai ce dutse ne, wani ya ce ƙashi ne, wani kuwa ya ce ƙera shi a ke yi. Da wuya ka sami wanda zai ce maka gidan wata 'yar dabba ce ta cikin teku. In kuma ka zube guda goma a gabansu ka ce su rarraba, sai su ce ai duk ɗaya ne.

To, ba ɗaya ba ne. Wurin da kakanninmu suka yi saye da sayarwa da shi iri biyu ne, masu kama da juna ƙwarai, amma kama da wane ba wane ba ne. Nufin wannan darasi shi ne a nuna yadda mutum zai ɗora wuri bisa tafin hannunsa, ya dube shi, ya faɗi ko wane iri ne, ba da ka ba, sai da dalili. Daga baya kuma za mu ga wannan rarrabewa ba aikin banza ba ce, gama shigowar iri na biyu ita ce ta karya darajar kuɗin ƙasashen nan.

Mai gidan

Dabbar da ke gina wuri dangin dodon koɗi ce, irin wanda mu ke gani a bakin tafki da damina. Jikinta taushi gare shi, ba ƙashi, tana jan ciki bisa wata faffaɗar tsoka wadda masana ke kira ƙafa. Tana da 'yan ƙahoni biyu na nama, idanunta suna kusa da gindinsu. A bakinta akwai harshe mai kaushi kamar magagari, da shi ta ke kankarar gansakuka daga jikin duwatsu tana ci. Ba ta zama a kogi ko tafki. Mazauninta gefen tekuna masu ɗumi ne, inda ruwa ba zurfi, cikin duwatsun murjani da ciyawar ruwa, a filin nan da teku ke rufewa in ya cika, ya bari a buɗe in ya janye.

Duk wanda ya taɓa riƙe sabon wuri ya san santsinsa da ƙyallinsa, sai ka ce tangaran. Ga dalili. Dabbar tana da wata fata mai laushi, mu kira ta mayafi, wadda ke fitowa ta tsagar nan ta ƙasa, ɓangare guda ta dama, guda ta hagu, su hau bayan ƙwanson su rufe shi har su gamu a sama. Mayafin nan shi ke fitar da abin da a ke gina ƙwanson da shi, yana shafa shi rufi bisa rufi daga waje, saboda haka datti ba ya samun zama. In an taɓa dabbar sai ta janye mayafinta ciki, ƙwanson ya bayyana yana walƙiya. Abin ginin kuwa shi ne sinadarin nan da ke cikin ɓawon ƙwai da dutsen farar ƙasa.

Uwa ta kan zuba ƙwanta a ƙarƙashin dutse ko cikin 'yar kafa, ta zauna bisa kansu ta rufe su da ƙafarta har su ƙyanƙyashe. 'Ya'yan su kan yi kwanaki suna yawo cikin ruwa, igiyar teku tana kai su nesa, kāna su sauka ƙasa su zauna. Ƙwanson yaro sirara ne, a naɗe kamar katantanwa, da ɗan tsini a ƙarshe, da baki mai faɗi ba haƙori ko ɗaya. Sa'ad da ya balaga sai leɓen ya lanƙwashe ciki, bakin ya tsuke ya zama tsaga, haƙora su fito gefe da gefe, tsinin kuma ya nutse. Daga ranar nan ƙwanson ba ya ƙara tsawo, sai dai kauri. Ka riƙe wannan da kyau: ƙaramin wuri mai haƙora ba yaro ba ne, baligi ne wanda girmansa ya tsaya nan.

Sunayensu

Dangin wuri sun fi iri 200 a tekunan duniya, waɗansu ba su kai ƙwayar wake ba, waɗansu sun cika tafin hannu. Biyun da suka shafe mu, wani masani mutumin ƙasar Suwidin, Linnaeus, shi ya raɗa musu suna da Latinanci a shekarar 1758. Ya kira ɗaya Cypraea moneta, ɗaya kuwa Cypraea annulus. Ma'anar moneta kuɗi, ma'anar annulus zobe. Masanan da suka biyo baya sun ware su cikin zuriya guda mai suna Monetaria, saboda haka a littattafan yanzu za ka tarar an rubuta Monetaria moneta da Monetaria annulus. Kalmar farko kamar sunan gida ce, ta biyun kuwa sunan yanka. A cikin darasin nan za mu kira na farko wurin kuɗi, na biyu mai zobe.

Dukansu biyu 'yan Tekun Indiya ne da Tekun Pasifik, tun daga Bahar Maliya da gaɓar Afirka ta Gabas har tsibiran da ke gabas da Ostareliya. Babu ko ɗayansu da ke rayuwa a Tekun Atlantika. Watau ko da ka bi gaɓar Ikko taku taku ba za ka sami mai rai ba. Kowane wuri irin waɗannan da ka tsinta a kufai ko ka gani jikin rigar maharbi baƙo ne, ya yi tafiyar dubban mil kafin ya iso hannunka.

Sassan ƙwanso

Kafin a rarrabe abu sai an san sunan sassansa. Ɓangaren da ya yi tudu shi ne baya. Ɓangaren da ya baje, wanda wuri ke kwanciya bisa kansa, shi ne ciki. Tsagar da ta ratsa cikin ita ce baki, 'yan zane-zanen da suka jeru a gefenta su ne haƙora. Inda baya da ciki suka gamu kuwa shi ne gefe, a nan ne ƙwanson ya fi kauri.

Wuri yana da gaba da ƙeya. Dubi bakin da kyau, za ka ga ya fi buɗewa a ƙarshe ɗaya, a nan kuma ƙwanson ya fi tsukewa. Nan ne gaba, ta nan kan dabbar ke leƙowa. Riƙe shi yadda bakin zai fuskance ka, gaba tana duban ƙasa. Leɓen da ke hannunka na dama shi ne na waje, wanda ya lanƙwashe sa'ad da dabbar ta balaga. Na hagu, wanda ya fi kumburi, nan ne sauran naɗin ya ke ɓoye. In kana so ka ga naɗin da idonka, nemi wuri wanda aka fasa bayansa don a ɗinka shi jikin kaya, ka leƙa ciki. Gani ya kori ji: yaron da ya ga wannan ba zai sake cewa wuri dutse ne ba.

Matakan dubawa

Kayan aiki kaɗan ne: farar takarda, fensir mai tsini, rula mai milimita, da gilashi mai ƙara girma in akwai. Inci ɗaya milimita 25 ne da ɗan ɗori. A yi aikin da hasken rana, gama fitila tana ɓata launi. Sai a bi matakan nan bi da bi, kada a tsallake.

1. Tabbata wuri ne. Alamar baligin wuri ita ce tsagaggen baki daga ƙarshe zuwa ƙarshe, da haƙora a leɓe biyu, ba kuwa tsini a waje. In ka ga tsini mai hawa hawa, ko haƙora a gefe ɗaya kaɗai, to, wani dangi ne dabam. A kasuwannin yanzu kuma akwai na roba da a ke yi don ado. Shi ba nauyi gare shi, sau da yawa kuma za ka ga layin haɗi a gefensa. In ka ɗiga ruwan lemon tsami bisa na ainihi inda ya ɗan goge, za ka ga 'yan kumfa suna tasowa sannu sannu. Na roba ba ya yin kome.

2. Zana kewayensa. Kwantar da shi bisa takarda, ka bi gefensa da fensir, ka ɗauke. In zanen ya fito sumul kamar ƙwai, ba kusurwa, ka kusanci mai zobe. In kuwa ya fito da kafaɗu, ya buɗe wajen ƙeya sa'an nan ya tsuke wajen gaba, har ka iya ƙidaya kusurwoyi kamar biyar ko shida, ka kusanci wurin kuɗi.

3. Shafa gefensa da yatsa, ka rufe ido in ka so. Wurin kuɗi yana da ƙullutai, galibi bibbiyu a kafaɗunsa wajen ƙeya, wani lokaci har a cikinsa kusa da haƙora. Gefen mai zobe santsi ne, ba gargada. Wannan ita ce babbar alama, ita ce kuma ta fi jure wa tsufa.

4. Ɗaga shi daidai idonka, ka dube shi ta gefe. Bayan mai zobe ya tashi da lanƙwasa guda, kamar an kife ƙoƙo. Na wurin kuɗi kuwa ɗan tozo ne a tsakiya, kaurin gefe ya kewaye shi kamar gammo.

5. Juya shi ka dubi baki. A mafi yawa bakin mai zobe ya fi faɗi, musamman wajen gaba, haƙoransa kuma sun fi tsawo da fitowa sarai. Bakin wurin kuɗi ya fi tsukewa, haƙoransa gajeru.

6. Sai yanzu ka dubi launi. Wurin kuɗi fari ne mai ratsin rawaya, ko ruwan ƙwai, ko mai ɗan kore-kore, sau da yawa da waɗansu ɗamaru uku masu duhu kaɗan da suka gitta bayansa. Bayan mai zobe ruwan toka ne mai ɗan shuɗi, wani siririn layi ruwan goro ya kewaye shi kamar an sa masa zobe, gefensa da cikinsa kuwa farare.

7. Auna tsawonsa daga gaba zuwa ƙeya, ka rubuta. Yawancin iri biyun nan suna tsakanin milimita 15 da 25, watau ba su cika wuce inci ɗaya ba.

Inda a kan yi kuskure

Mai karatu zai ce, "Don me aka bar launi sai kusan ƙarshe, alhali zobe shi ne abin da ido ya fara gani?" Dalilai uku ne. Na ɗaya, launi ba ya daɗewa. Wurin da ya shekara ɗari yana yawo daga hannu zuwa hannu, ko ya kwana cikin ƙasa, ko rana ta dafa shi, ya kan koma fari fat kamar alli, zoben ya ɓace. In kuma bayansa ya goge ƙwarai sai wani launi na shunayya ya fito daga ƙarƙashi, wanda bai sani ba ya ce ya sami sabon iri. Na biyu, akwai wurin kuɗi wanda shi ma ya ke da siririn zobe rawaya. Wanda ya dogara ga zobe kaɗai zai sa shi cikin tarin da ba nasa ba, alhali ƙullutansa suna nan suna ba da shaida. Na uku, yawancin wurin da za ka samu jikin ƙwarya ko kambu ko hular maharbi an riga an fasa bayansa, zoben ya tafi tare da abin da aka fasa. Abin da ya rage maka shi ne kewaye da gefe da haƙora.

Sa'an nan kuma kada ka tsammaci kowane wurin kuɗi zai zo da manyan ƙullutai. Akwai waɗanda nasu ba su fito sosai ba, kewayensu ya kusa zama na ƙwai. A irin wannan sai ka tara shaidu, kamar yadda alƙali ba ya yanke hukunci da bakin mutum ɗaya. In alamu huɗu sun tafi gefe guda, bi su. In sun rabu biyu daidai, ka ware shi waje ɗaya, ka rubuta abin da ka gani kaɗai. Wannan ba kasawa ba ce, haka masana su ke yi.

Akwai kuma waɗansu 'yan'uwa da za su iya faɗowa hannunka. Ɗaya shi ne Monetaria caputserpentis, watau kan maciji, ɗan gidansu ne, amma shi ruwan ƙasa ne mai duhu da ɗigo-ɗigon fari a baya, ba ya rikita kowa. Gaɓar Afirka ta Yamma ita ma tana da nata iri. Akwai Luria lurida, mai ruwan ƙasa, da baƙaƙen ɗigo biyu a kowane ƙarshe. Akwai Trona stercoraria, ƙato mai dabbare-dabbare, wanda ya ninka namu girma sau biyu ko uku. Waɗannan ba su ne aka yi kuɗi da su a kasuwanninmu ba.

Hanyar wurin kuɗi

Yanzu sai mu ga abin da rarrabewar nan ke gaya mana. Kudu maso yamma da ƙasar Indiya akwai waɗansu ƙananan tsibirai na murjani wajen 1,200, a ke kiransu Maldif. A nan wurin kuɗi ya yi yawa ƙwarai, nasu kuma ƙanana ne, da yawansu ba su kai milimita 20 ba. Mutanen tsibiran su kan jefa rassan kwakwa cikin ruwa mara zurfi, dabbobin su hau, sa'an nan a jawo rassan bisa yashi. Waɗansu kuma su kan shiga ruwa su tsinto da hannu. A kan binne su a rami har naman ya ruɓe, kāna a wanke, a ƙunsa 12,000 a ƙunshi guda.

Matafiyin nan Ibn Batuta ya sauka a Maldif a shekarar 1343, har ya yi alƙalanci a can. Ya tarar a kan ba da wuri 400,000 a bakin dinari ɗaya na zinariya. Da ya zo ƙasar Mali da Gawo a 1352 zuwa 1353, ya ga wuri 1,150 ne dinari ɗaya. Ka yi lissafi, za ka ga darajarsa ta ninka fiye da sau 300 tsakanin can da nan. A zamanin nan ta hamada ya ke zuwa bisa raƙuma. A 1964 wani masani Bafaranshe, Théodore Monod, ya tarar da kayan wani tsohon ayari binne cikin rairayi a Ma'adin Ijafen, a hamadar Muritaniya: sandunan farin ƙarfe da tagulla wajen 2,000 da tarin wuri, mafi yawansa wurin kuɗi. A ƙasar Katsina ma an sami wuri a cikin tsofaffin kaburburan Durɓi ta Kusheyi, alamar an san shi a matsayin kayan ado tun da daɗewa. Amma zamansa kuɗin kasuwa a ƙasar Hausa, littafin Tarihin Kano ya ajiye shi a zamanin Sarki Muhammadu Sharefa, wanda ya yi sarauta daga 1703 zuwa 1731.

Tun farkon ƙarni na 16 mutanen Fotugal suka buɗe masa hanyar ruwa, daga baya mutanen Holan da Ingila suka karɓe. A kan zuba shi a gindin jirgi don jirgin ya daidaita, a kewayo Afirka da shi har Amsterdam ko Landan, a yi gwanjonsa, sa'an nan a sake ɗora shi zuwa gaɓar Afirka ta Yamma. A cikin ƙarni na 18 kaɗai an sauke fiye da biliyan 10. Wajibi ne kuma a faɗi abin da aka saya da mafi yawansa: 'yan Adam ne, waɗanda aka ɗora a jiragen nan aka kai su bauta Amurka.

Zuwan mai zobe

Muddin daga Maldif kaɗai a ke kawo shi, nisa da wahalar hanya sun tsare darajarsa. Amma a 1845 wani ɗan kasuwa Bajamushe daga birnin Hamburg, Adolph Hertz, ya gwada ɗauko mai zobe daga Zanzibar, inda ya ke birjik da araha, ya kai gaɓar Afirka ta Yamma. Aka karɓa. Nan da nan waɗansu kamfanonin Jamus da Faransa suka bi sawunsa, suna sauke shi jirgi jirgi a Ikko da Wida, suna sayen manja da shi. A waɗansu kasuwanni an ƙi shi, ko an karɓe shi da ragi, gama masu ƙidaya sun san bambancin da yatsunsu. Amma a mafi yawan ƙasashe ya gauraye da na dā, aka ƙidaya su ɗaya.

Abin da ya yi yawa dole ya yi araha. Sa'ad da Bature Barth, wanda a ke kira Abdulkarim, ya zo Kano a 1851, wuri 2,500 ne liyari ɗaya na azurfa. Kafin ƙarnin ya ƙare sai da adadin ya kusa ninkawa, a bakin teku kuwa faɗuwar ta fi haka muni. Ga kuma wahala ta biyu: mai zoben Zanzibar ya fi na Maldif girma da nauyi. A ƙasar Hausa ba a shirya wuri a zare kamar yadda mutanen bakin teku ke yi, zube shi a ke yi a ƙidaya biyar biyar, ashirin hauya, ɗari zangu, 20,000 keso guda. Barth ya ga ana ƙidayar 500,000 a Tasawa ta wannan hanya. Ƙananan Maldif wajen 400 ke yin laba ɗaya, watau keso guda laba 50 ke nan, kayan mutum ɗaya. Da mai zobe ya shigo sai kaya ya ƙara nauyi, abin da zai saya kuwa ya ragu, har ya zama in tafiya ta yi nisa ladan ɗan dako ya kan cinye babban rabo daga abin da ya ɗauko. Wanda ya tara dukiyarsa cikin rumbu ya wayi gari tana nan cif a ƙidaya, amma ta rage a kasuwa.

A 1904 Gwamna Lugga ya hana shigo da wuri, kwabo da anini masu huji suka fara maye gurbinsa, ko da ya ke ya ƙara shekaru da dama a kasuwannin ƙauye. Sunansa dai bai mutu ba. Kuɗin da ƙasar Gana ta fito da shi a 1965, sidi, daga sunan wuri ya ke a harshen Akan.

Iyakar abin da ƙwanso ke faɗi

A nan sai a yi hattara. Ba a ce duk wurin kuɗi daga Maldif ya ke ba, ko duk mai zobe daga Zanzibar, gama kowannensu yana rayuwa a tekuna masu yawa. Ƙwara ɗaya tana gaya maka irinta, ba ta gaya maka garinsu. Tari shi ke magana. A 2019 waɗansu masana biyu, Anne Haour da Annalisa Christie, sun fito da sakamakon binciken da suka yi bisa wuri fiye da 4,500 daga kufai 78 na Afirka ta Yamma, suka nuna in tarin yana da yawa, girman ƙwayoyinsa yana iya nuna inda aka ɗebo su. Saboda haka in ka sami tulu cike da ƙananan wurin kuɗi zalla, akwai alamar na Maldif ne. In kuwa manyan masu zobe suka rinjaya, akwai alamar an tara shi bayan 1845. Shi ya sa muka ce a auna a rubuta. Kuma in yara suka tono wuri a kufai, a rubuta inda aka same shi da zurfinsa da abin da ke tare da shi, kada a gauraya shi da na wani waje, don in an gauraya shaida ta lalace.

Yadda za a kai shi aji

Malami ya nemi wuri kamar 40 wajen 'yan koli ko wajen tsofaffi, ya wanke su. Kada ya fara da sunayen Latinanci, kada kuma ya faɗi iri nawa ne. Ya raba yara huɗu huɗu, ya ba kowace ƙungiya ƙwara biyar ko shida, ya ce su zana kewayen kowace, su shafa gefenta, su raba su yadda suka ga ya dace, su faɗi dalilinsu. Za su yi gardama, gardamar nan kuwa ita ce darasin. Bayan sun gaji sai ya rubuta matakan nan bakwai a allo, su sake rabawa, su ga inda suka dace da inda suka kauce. Daga nan ya buɗe taswira, yaro ɗaya ya bi hanyar hamada da yatsa, wani ya bi ta ruwa. Ga tambayoyin da zai rufe da su:

1. Don me bayan wuri ya ke da santsi, na katantanwa kuwa ba shi da shi?
2. An ba ka wuri fari fat wanda aka fasa bayansa. Da waɗanne alamu za ka gane irinsa?
3. In wuri 2,500 ne liyari ɗaya, keso guda liyari nawa ne? In ya koma 5,000 fa?
4. Falke yana da keso 6 na ƙananan Maldif. Laba nawa ke nan, 'yan dako nawa kuma zai nema?

Yaron da ya koyi duban wuri haka, siffa kafin launi, shaida kafin hukunci, zai dubi ganye da ƙwaro da tsuntsu da irin wannan ido. Mu kuwa da za mu tsaya gabansu, ya kamata kowannenmu ya fara gwadawa da hannunsa, ya rarraba ko da guda ashirin ne, tun kafin ya shiga aji.

Iyakar darasin ke nan.